Memorin da Kawu Sale Ya Zaɓa

Dandume

Ana idar da sallar Asuba muka hau mashin, ni da ƙanen mahaifiyata, Kawu Sale, kyamara rataye a wuyana. Kawu ɗan kokawa ne da shekaru suka fara cin gwiwarsa, ya kuma rantse wa iyalinsa cewa wasan Malumfashi ne na ƙarshe. Burinsa ɗaya, hoton sa'ad da zai ɗaga abokin karawarsa, Ɗan Musawa, sama, ya rataye a zaure.

Funtua

Da hantsi muka sha koko da ƙosai a tasha, muka shiga shagon waya, don bukukuwan mutane sun cinye memorina, katin da kyamara ke ajiye hotuna a ciki. Mai shago ya fito da guda biyu.

"Wannan ƙarami ne amma akwai sauri, in ka danne maɓalli zai yi ta haɗiye hotuna a jere. Wannan babba ne, sai dai yana da nawa."

Na miƙa hannu ga ƙaramin, Kawu ya buge shi.

"Kai Habu, a ina ka ga an bar buhu an ɗauki tiya? Malam, ba mu babban."

Na sa babban a kyamara, tunda kuɗin masararsa ne suka biya.

A hanya jami'in wani shinge ya hango kyamara, ya gyara hula, sai da na ɗauke shi ya ɗaga katako. Hotonsa ya fita tangaras, don shi ba ya motsi.

Malumfashi

Bayan La'asar fili ya cika, ganguna suka ɗauka. Kawu da Ɗan Musawa suna sarƙe hannu na danne maɓalli. Kyamara ta yi ta tatata, sannan ta shaƙe, jar fitila na ƙiftawa tana jiran memori ya gama tauna. A daidai nan Kawu ya sunkuci mutumin ya maka da ƙasa. Da kyamarar ta farfaɗo, Ɗan Musawa na tsaye yana kakkaɓe yashi yana murmushi, mutanensa na cewa santsi ne ya kwashe shi. Wallahi kamar in yi kuka.

Mun kwana gidan abokin Kawu, tuwon masara da miyar kuka. Kawu bai ci ba.

Gida

Washegari muka iso lafiya, godiya ga Allah da mai masaukinmu. A zaure Kawu ya daɗe yana duba hotunan, sannan ya miƙo mini kyamarar.

"Kada ka faɗa wa mutanen gida tukuna," ya ce. "Baɗi zan koma."