Wurin da Baba Ilu Ya Bari a Kan Tabarma

Jama'a, abin nan da zan ba ku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Shekarun baya ne, lokacin ina sana'ar hoto a Daura, ina bin biki da suna har ƙauyuka. Idona ya fara rauni, ni kuma girman kai ya hana ni sa tabarau, sai na sayi wani ɗan madubin ƙara girma da ake maƙalawa a inda ake leƙawa a kyamara, wanda aka taɓa amfani da shi, wajen wani ɗan kasuwa a Kongolam. Yana da 'yar taya a gefe, kana murzawa har ka ga abu garau. Na ji daɗinsa ƙwarai, har ina yi wa abokan sana'a kuri.

Ran nan wani mai suna Malam Habu ya ɗauke ni zuwa suna a wani ƙauye kusa da Baure. Amma ba hoton jariri ne ya dame shi ba, na mahaifinsa ne, Baba Ilu, tsohon da bai taɓa yarda an ɗauke shi ba tunda yake. Da ƙyar ya amince, shi ma sau ɗaya tak. Malam Habu ya riƙe hannuna ya ce, "Don Allah kada ka kuskure, jikokinsa ba su da abin da za su tuna shi da shi."

Muka same shi da hantsi a gindin darbejiya, zaune a can gefen tabarma, fuska a murtuke. Na ce, "Baba, a ɗan matso tsakiya."

Ya ce, "Nan wurin da mai shi. Ɗauki abinka, ɗan nan, rana tana yi."

To, na durƙusa na leƙa, sai na ga tsoho dishi-dishi. Na murza tayar nan gaba, na murza baya, na cire madubin na hura masa iska na goge da bakin riga, na duba ko bai zauna daidai ba ne, na mayar, har yanzu biji-biji. Kai! Gumi ya karyo mini, ga mutane sun zagaye mu, wani har yana cewa fuskar Baba ce ta fi ƙarfin na'ura.

Na sake leƙawa ina ta murzawa, kawai sai na ga gefen tabarmar nan da babu kowa ya fito tar, kuma da mutum a wurin. Wata tsohuwa ce da zanen saƙi, tana da wushirya, tana ƙoƙarin rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Na ɗago kai, tabarma ce kawai. Na mayar da ido, tana nan, har tana zungurar Baba da gwiwar hannu. Innalillahi! Amma wallahi dariyarta ba ta ban tsoro ba ce. Na tsayar da saitin a kanta, ai kuwa sai Baba ya fito garau, kuma daidai nan ya fashe da dariya. Na danna.

Da na wanke hoton, Baba ne shi kaɗai, dariya har kunne, rabin tabarma fayau. Na ce wa Malam Habu zan yanke wannan gefen don ya shiga firam, na kuma ba shi labari da wasa-wasa. Ina ambatar wushirya sai ya zauna a kan bencina. Ya ce, "Ai innata ce wannan. Tunda ta rasu ba mu ga haƙoransa ba. Kada ka yanke ko kaɗan."

Ni dai ban ce mamaci yana dawowa ba, Allah ne masani. Madubin yana nan ina aiki da shi, bai sake nuna mini kowa ba, amma har yau in zan leƙa sai na yi bisimilla tsigar jikina na tashi. Shawarata gare ku, musamman masu hoto, in tsoho ya ce wuri da mai shi, kada ku matsar da shi, ku ja da baya kaɗan kowa ya samu shiga.