Baƙon Da Ke Sallama Sau Uku

Akwai matan da na raina, kuma ba na ɓoyewa: masu zama a gidan biki suna alfahari da rashin barci. "Ni jiya ko runtsawa ban yi ba, ina ta tunanin abin da na yi." Sai a yi ta jinjina musu kai kamar sun yi wani abin kirki. Na san su ciki da waje, don na taɓa zama a layinsu.

A gidanmu na Unguwar Kanawa, in an sauke tuwo, murhu na Iya Dije ne, kakata wadda ta haifi babanmu. Ba ta barin garwashi ya mutu a banza. Takan ɗora kasko ta zuba yashi tana suyar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta bayan isha'i. Ba tsohuwa mai taushi ba ce. Duk wanda ya miƙa hannu kasko, cokalin suya ne zai gaisa da shi.

"Ga ta nan in kuna so," in ji ta. "In ba ku so, ga hanya."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wai wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, rana ɗaya kowacce ta saki guganta a rijiya. Ƙanwar ta leƙa, ta ce, "Kai, hannun nan ya gaji yau." Ta ci tuwonta ta kwanta. Da safe ta aro ƙugiya ta fito da abinta.

Yayar kuwa ta ƙi cin abinci. Ta shiga ɗaki ta rufe, ta hau kanta da zagi: sakarya, mai hannun rago, wadda ba ta taɓa yin abu daidai ba. To shi Barci, in ji Iya, baƙo ne mai tarbiyya. Gida-gida yake bi, ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama. Sau uku yake yi, kamar yadda aka koya wa kowane ɗan mutunci. In ba a amsa ba ya juya. Da ya zo ƙofar matar nan ya ji hayaniya, sai ya ce, "Ashe faɗa ake a ciki, bari in zo gobe." Gobe ma haka, jibi ma haka. Ita kaɗai ce a ɗakin, amma zagin ya kai na mutum goma. Rana ta bakwai ta fito da jajayen idanu tana layi, ta ari gugan maƙwabta, ta sake shi a rijiya shi ma.

Na ce, "Iya, to ba ita ta jefa gugan ba?"

"Ita ce mana, wa ya ce ba ita ba ce? Ke Talatu mai kan kwakwa, zagi ne ke fito da guga ko ƙugiya? Ƙurunƙus. Kan ɓeran ma ba zan ba ku ba, ku tashi ku kwanta."

Dariya muka yi wa matar. Ban san kaina nake yi wa ba.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan wata shida Malama ta ce kowacce za ta tashi ta karanta layi biyar a gaban baƙi. Na haddace nawa kamar sunana. Da na miƙe, haruffan suka watse mini kamar tururuwa. Na tsaya baki buɗe. Maƙwabciyata Asabe, wadda kallo kawai ya kawo ta, ta ce da ƙarfi, "Yaya Talatu, a bar wa jikoki mana!" Aka kwashe da dariya.

Asabe sau ɗaya ta faɗa. Ni na karɓa na riƙa maimaita wa kaina kowane dare, har da ƙari: jaka, tsohuwar banza, wa ya aike ki? Barci ya ɗauke. In na je aji kaina kamar an cusa auduga, abin da na iya jiya ma ya gudu, in dawo in sami sabon abin zagi. Masu ba da shawara kuwa ba su ƙare ba. Wannan ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Waccan ta ce in sayo ƙwaya a kemis. Wata ma cewa ta yi ai alamar hankali ce, mai kunya ba ta barci bayan ta ji kunya. Ji shirme! Ba wadda ta tambaye ni abin da nake gaya wa kaina in na kashe fitila.

Saura mako guda jarrabawa na yanke shawarar barin makaranta. Da magariba na yagi shafin farko na littafina zan hura gawayi da shi. Ina tsugune ina kallon garwashin yana kamawa, sai na ji muryar Iya kamar tana bayana da cokalinta: zagi ne ke fito da guga?

Na mayar da littafin jaka. Da na kwanta, bakina ya ɗauko zagin da ya saba, na tare shi. Na ce, a fili kuwa, "Talatu, kin yi tuntuɓe a gaban mutane, gaskiya ne. Shekara arba'in ba ki riƙe biro ba, yanzu kina rubuta sunanki. Sannu." Na ji kamar mahaukaciya. Daren farko Barci bai shigo ba. Ina jin bai yarda faɗan ya ƙare ba. A na uku sai kiran assalatu ne ya tashe ni.

Na ci jarrabawar, ba da wani yabo ba, amma na ci. Wannan da kuke karantawa ma da hannuna na rubuta.

Yanzu na gane Iya ba cewa ta yi kada a ga laifin kai ba. Gani daban, duka daban, kuma mai dukan kanta ba ta gyara komai, gajiya kawai take ƙarawa, sannan ta fito tana neman a yaba mata.

Asabe har yau tana layin masu alfahari da jajayen idanu. Ita ce ke kawo mini katin asibitinta in karanta mata ranar komawa. Nakan karanta mata. Da dare kuwa, baƙon nan ba ya kai sallama ta biyu a ƙofata.