Isyaku Mai Rijiya da 'Yar Maƙwabcinsa

Shekara talatin da bakwai Malam Isyaku yana haƙa rijiya a unguwar Koki, cikin Kano. Ƙasa ma ɗanɗana ta yake yi, ya tofar, ya ce a gaba takwas za a tarar da ruwa. Ko masai za a haƙa a unguwar, sai an ji ta bakinsa.

Sai ga Bahijja, 'yar maƙwabcinsa Alhaji Mikail, ta karanci ilimin duwatsu, wani kamfani ya ɗauke ta neman man fetur can wajen Gombe. Da ta zo hutu, zauren ubanta ya cika da masu sauraro. Ta ce a can ƙasa ce ta tsage ta lotsa tun shekaru aru-aru, laka da yashi suka cike ramin, daga baya suka tanƙware kamar ƙwarya a kife, kuma a ƙarƙashin ƙwaryar nan mai yake taruwa. Kano kuwa zaune take daram a kan dutse, ruwanta ma sai an dace da tsaga.

Ƙyashi ya hana Isyaku sakat. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa ya daɗe da faɗar haka, ba wanda ya ba shi ko hular kwano irin ta ma'aikatan kamfani. Yarinyar da shi ya taɓa ciro mata takalmi daga rijiya.

Ana nan rijiyar masallaci ta ƙafe, kwamiti ya kira su biyun. Bahijja ta zaga da na'urarta, ta tsaya a gindin durumi. Nan ne kuwa wurin da Isyaku ya riƙe a ransa tun bara.

"Baba, yaya ka gani?" in ji ta.

"Na'urarki da mai ta saba, 'yata. Ruwa yana can jikin katanga."

Kwamiti ya duba furfurarsa, ya bi maganarsa. Kwana tara yana haƙa, a gaba biyar diga ta fara tartsatsi a kan dutse. Bai yi mamaki ba.

Aka koma gindin durumi, shi ɗin dai ya haƙa. A gaba bakwai ruwa ya ɓulɓulo. Daga cikin ramin ya ɗaga kai ya rantse cewa nan ya fara zaɓa. Har liman sai da ya yi dariya.

Har yau Isyaku ne ke haƙa a Koki, amma sai an buga waya Gombe tukuna.