Duron Sobiya a Misfala

Ni Allah bai yi ni da zama wuri ɗaya ba, sai ga shi aikin da na samu a Makka tsagwaron jira ne. A wani shago a unguwar Misfala aka ɗauke mu koyon haɗa sobiya, abin shan nan na sha'ir da mutanen garin ke rububinsa da azumi. Mu biyu ne, ni da wani mutumin Maraɗi mai sanyin hali, kuma tun ranar farko mai shagon ya ce ɗaya zai riƙe. Wanda ya rasa, sai ya jira lokacin Hajji ya koma dakon kayan alhazai a Mina. Na yi wannan dakon, kafaɗuna ba su manta ba.

Mai shagon dattijo ne haifaffen Makka, kakansa ya zo Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ammi muke ce masa, wato baffa da Larabci. A watan Sha'aban ya fara koya mana: a jiƙa sha'ir da busasshen burodi a duro, a zuba kirfa, a rufe, a jira ya ɗan yi tsami, sannan a tace, a sa sukari, a kai firji. Ka yi gaggawa, ruwan burodi za ka sayar. Ka yi jinkiri, abin ya zarce ya kama hanyar giya, a unguwar da ake jin kiran sallar Harami daga bakin shago.

"Ɗanɗana, sannan ka shinshina," in ji Ammi. "A Ramadan babu harshe, ya waladi, ɗana. Kana azumi, hancinka kawai gare ka."

Na iya, ba yabon kai ba. Matsalata ita ce buɗe murfi. In zauna, in miƙe, in leƙa titi, in dawo in ɗaga. Ammi yakan buge min hannu ya ce, "Shuwayya shuwayya, sannu-sannu. Ba tuwo ba ne da za ka yi ta tuƙawa."

Da azumi ya kama, ya ba kowannenmu duronsa. Ranar da nawa zai nuna, na tashi da mura, irin wadda cunkoson masu umra ke rabawa kyauta. Hancina ya toshe kamar an cusa auduga. Ammi kuwa ya tafi Jidda ta'aziyya tun safe.

Bayan azahar na ɗaga murfi, ban ji komai ba. Kumfa ce nake gani tana tasowa, idona yana ce min ta fi ta kullum. Na kira mutumin Maraɗi. Ya shinshina, ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Duronka ne, ɗan'uwa, ni ban san sa'adda ka jiƙa ba." Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa. Na yi tunanin in ɗanɗana in tofar, sai na tuna irin ƙishin da nake ji, ban yarda da maƙogwarona ba.

Na yi ta safa da marwa tsakanin duro da ƙofa. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na hango tsofaffin da ke zuwa da robobinsu, su kai gida, su yi bisimilla su buɗe baki da abin da na ba su, alhali ya zama giya. Da la'asar na kasa jurewa, na karkata duron a magudana.

Ammi ya dawo gab da magariba, ya tarar sobiyar abokina ta ƙare, ina ta ce wa mutanen layi babu. Bai yi faɗa ba. Ya leƙa durona, ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tace ɗan abin da ya rage a gindi cikin kofi, ya sa sukari, ya riƙe har aka kira salla.

"Bana ba kai zan riƙe ba," ya ce, ya miƙo min. "Yalla, maza sha, ka san abin da ka zubar."

Na sha. Duk da murar, daɗinta ya ratsa ni, tsaminta daidai, ko kaɗan bai zarce ba. Na juya wa Ammi baya don kada ya ga idona, na shanye sauran a tsaye.