Gorar da ke Bayan Maƙabarta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Tarmuji, mai auna teku na ƙauyenmu a gaɓar Demak. Ni Kasmuri, abokin aikinsa, nake wannan rubutu, ko da yake ban tabbata zan ba shi haƙƙinsa ba.

Baba, tun ina saurayi ka ɗauke ni. Aikin na mutum biyu ne. Kai ka jefa kwakwa mai jan fenti daga kwalekwale, ni in bi ta da ido daga gaɓa, mu ga inda ruwa ke kai ta. Sannan mu kutsa cikin laka zuwa gorar awo da ke kafe a bayan maƙabarta, mai nuna hawa ko saukar laka, ni in karanta, kai ka ce "haka ne", kafin mu aika wa mutanen jami'a masu binciken teku. In na cika nanata dubawa sai ka ce, "Kai Kasmuri, gorar nan ba budurwa ba ce! Faɗi abin da ka gani, shayi na hucewa." Ba ka taɓa buɗe ƙunshin shinkafarka ba tare da ka gutsura min kifi ba.

Teku ya cinye gonaki, ya cinye layin gidaje, ya iso bayan maƙabarta. Mutane suka koma kai mamatansu tudu. Kai kuwa ka ce shingen da muka kafa a bakin teku yana tare laka, ƙasa na dawowa, a binne ka kusa da mahaifiyarka.

Ranar jana'iza matarka, Inna Sumirah, ta tare ni a ƙofa. "Ɗana, kai ke karanta gorar. In ruwa zai hau kansa, gaya min yanzu." Na waiga, mai tabbatar min yana kwance cikin likkafani. Na ce, "Inna, laka na ƙaruwa." A kan maganata aka haƙa kabarin.

Jiya na koma wajen gorar ni kaɗai. Na duba, na goge gorar, na sake dubawa. Lakar ta hau da faɗin yatsa, Baba, ina ji. Na faɗa da ƙarfi yadda na saba, na tsaya ina jira. Ruwa ne kawai ke motsi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya hana teku isa gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Sumirah, da 'yarka Wartini, da jikokinka. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma, Allah Ya sa daidai na karanta.