Gasar Insha'i a Paikon Kore

A shekarun da gwamnati ke kwaso kujerunta daga Legas, ina koyarwa a firamare a Paikon Kore, ina haya a gidan wata dattijuwa 'yar Gbagyi da mijinta ya rasu. Mama muke ce mata. Sana'arta sayar da itace. Kullum da hantsi za ka hango ta da dami a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Baƙin da suka cika Gwagwalada na neman na girki, ita kuma yara biyar take ciyarwa.

Sai aka kafa allo a bakin kurmi, an hana sara. Ban ga laifin dokar ba, don rafinmu kansa ya fara ja da baya. Da ma'aikatan gandun daji suka kawo gasar insha'i, ni na zaɓi kan magana: wa ke sare itatuwa a garinmu? Na ja kunnen yara su rubuta gaskiya, su kula da aya da waƙafi. Na tattara takardun na miƙa, ban karanta ba.

Autar Mama a ajina take, kuma ta bi umarnina sarai. Ta rubuta ranar, da hanyar, da kiryar da uwarta ta kayar. Da kanta ta ba ni labari, tana murna.

Na kasa faɗa wa Mama. Kwana tara, in na ji ƙarar mota sai alli ya suɓuce mini. An ce a ƙauyen gaba ma'aikatan sun tafi da wani, har lokacin bai dawo ba. In suka ɗauke ta, wa zai hura wuta a gidan?

Ranar Talata suka zo gidan. Babbansu ya dube ni.

"Malam, ashe kai ka tara mana shaidu."

"Oga, yarinya ce, ƙirƙira ta yi."

"Lallai ta iya. Har kututturen mun gani."

Mama ta fito tana goge hannu. "Oga, in za ka kai ni, haɗa da yara. Kai ka ba su abinci."

Babban nasu ya dube ta. Can ya ce a ɗauko gatarinta, suka tafi da shi, suka bar ta.

Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Ta samo wani gatarin, ta koma sara can ƙetaren rafi, inda ma'aikata ba sa zuwa saboda macizai. Sai la'asar sakaliya take dawowa. Ni kuwa in na tashi daga makaranta sai in zauna a ƙofar gida, ina riƙe da littafi, idona na kan hanya.