Bajapane Ya Nuna Mini, Na Yi Dariya

Edita, a zamanin Jihar Arewa maso Gabas, in na buɗe baki a tashar Jimeta har jakin da ke ɗaure sai ya dara. Direba nake a lokacin, ina tuƙa wani Bajapane da aka kawo gwajin shinkafa a bakin tafkin Njuwa. Matata Bafulatana ce 'yar cikin Yola, maganarta ta shekara guda ba za ta cika cokali ba. Ni kuwa kalmar so a bakina ta fi gyaɗa araha.

Wata rana wasiƙar matar Bajapanen ta iso, na matsa masa ya fassara mini. Ba komai ciki sai cewa sanyi ya fara a can, ya riƙa sa hula in zai shiga rana, kuma yana cin abinci kuwa? Na tambaye shi ina soyayyar take. Ya ce a Japananci akwai kalmar, amma nauyi gare ta, shekara ashirin bai taɓa furta mata ba, ita ma haka, abin da na ji ɗin nan shi ne son. Sai ya nuna kwanon furar da matata ke ɗaure mini a tsumma kullum, ya ce ga tawa wasiƙar nan. Na yi dariya har na kusa jefa motarmu cikin shinkafa.

Ranar sunan ɗan abokina a unguwar Nassarawo na miƙe gaban jama'a ina kwaikwayon tafiyar matata da sunkuyar da kanta, na ce ni da Bajapane duk randar ruwa muka aura, sai dai tasa ta iya rubutu. Maza har da faɗuwa. Yayanta na zaune, ko murmushi bai yi ba. Ita kuma tana bayan zana cikin mata.

Washegari ta dama fura, ta ɗaure kwano, ta yi mini a dawo lafiya. Na dawo na tarar da ɗaki a share, ba ta. Sau bakwai ina zuwa biko da kalaman da za su narkar da dutse. A na ƙarshe baffanta ya fito ya ce ta ji, amma irinsu nake raba wa kowa a kasuwa.

Yau tana da jikoki a gidan wani. Har yanzu ina ba mutane dariya, hali ne, amma in taro ya watse shiru nake tararwa a gida. 'Yan'uwana masu baki, wanda Allah ya ba mace mai kunya ya duba abin da hannunta ke yi masa, kada ya jira bakinta. Kada kuma ya sayi dariyar abokai da mutuncinta. Cikin waɗanda suka faɗi ƙasa ran nan, ko ɗaya bai raka ni biko ba.